Rasuwar Goggo, Kwamfutar da Ke Buɗe Mujallu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wata ɗalibar digiri na biyu tana sanar da rasuwar Goggo, tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar laburaren jami'a.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kada a yi mata ƙarya bayan ranta. Maɓallanta sun yi dauɗa har suna danƙo, kyankyasai sun hayayyafa a cikinta, duk wanda ya taɓa ta sai ya wanke hannu kafin ya kai loma baki. Amma kaf ɗakin nan ita kaɗai ke buɗe maƙalun mujallun bincike tun daga farko har ƙarshe. Sauran, sababbi masu sheƙi, taƙaitaccen bayani kawai suke nuna wa mutum, sannan su nemi ya biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wani tsohon ma'aikacin laburare ne ya shigar da ita rumbun mujallun da kalmar sirrinsa, ya yi ritaya, ya rasu, ya tafi da kalmar. Shi ya sa ɗalibai suka gaji doka ɗaya daga na gaba da su: ba a danna wurin fita daga rumbun, ba a goge mata komai. Ko wuta aka ɗauke, da ta dawo sai Goggo ta yi "ƙirrr, ƙit, ƙit", ta farka ba ta manta komai ba.

Ajalinta ya zo ne tare da labarin zuwan masu tantance jami'a. Shugaban sashe, wanda bai taɓa zama ya nemi maƙala ko ɗaya a ɗakin ba, ya ba da umarni a tsabtace kowace kwamfuta ciki da waje. Aka goge ƙwaƙwalwar Goggo tas. Kyankyasan kuwa suna nan lafiya lau. Tir da wannan aiki!

Ta rasu ta bar ɗalibai da yawa, da malaman da ke aiko su a ɓoye, da ita mai wannan sanarwa, wadda malamin da ke duba kundinta ya rantse ba zai sa mata hannu a bana ba sai ta kawo cikakkiyar maƙalar da babi na biyu ya dogara a kai. Ɗalibar ta gano maƙalar ana dab da rufe ɗaki, ta ce gobe da safe za ta sauke. Ko da ta iso, an gama aika-aikar.

Za a ajiye gawar a teburin gaba, a kunne, an share ta da tsumma, domin baƙi su ƙirga ta cikin masu aiki. Bayan tafiyarsu za a kai ta makwancinta a sito, bayan karyayyun kujeru. Ba a buƙatar shugaban sashe a wurin. Masu zuwa ta'aziyya kada su yi gaggawa. 'Yan ajin mai sanarwar za su sa rigar yaye su tafi, ita tana nan har baɗi.