Tuwo a Bakin Gora

Ba na jin zan taɓa mantawa da zamana a Argungu, shekarar da aka sami 'yancin kai. Ina sabon ma'aikacin lafiya, likitanmu na Birnin Kebbi ya tura ni in binciko yadda hangum ke tsallakawa daga gida zuwa gida a unguwar masunta.

Ban san kowa a garin ba, kuma ban yi ƙoƙarin sani ba. Aikina tambaya: wa ya shigo muku? Da wa kuka ci? (Ko gaisuwar kirki ba na tsayawa yi, wai ni mai ilimi.) Da na gano dubiya ce da cin kwano ɗaya ke yaɗa ciwon, sai na tara mutane a bakin kogi, na yi musu lacca: mai ciwo ya zauna ɗakinsa, kada a je duba shi, kada a ci da shi. Har da ɗaga yatsa.

Ba a jima ba na wayi gari kumatuna sun kumbura kamar na cusa goriba. Hangum, da gemuna!

Na kwanta ina jiran sallama. Shiru. Ina jin hirar maƙwabta ta bayan darni, ba wanda ya leƙo. Wallahi ciwon bai dame ni kamar shirun ba. Har kukan kewar gida na yi.

Da abin ya ishe ni, na naɗe fuska da rawani, na lallaɓa gindin bishiyar da masunta ke cin abinci, na raɓa gefen tabarma. Kowa ya miƙe. Suka ja tabarmarsu can nesa, cikin ladabi.

Baba Manu, dattijonsu, ya dube ni. "Ɗana, ba kai kac ce mai ciwo shi zamna ɗaki nai ba? Mu dai mun ji magana."

Sai ya ɗebi tuwon shinkafa da kifi a kwano, ya ɗauko gorar da yake tuƙa jirgi da ita, ya turo mini kwanon a hankali har gabana. Yara suka fashe da dariya.

Na ci, ni kaɗai, ina tauna da ƙyar.

Likita ya yaba da aikina, wai mutane sun bi umarni. Ni kuwa tun ranar, idan zan hana dubiya, sai na ƙara da cewa a riƙa ɗaga murya ta bayan darni a ce wa mutum sannu.