Ragon da Bai San Ni Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ranar baje kolin amfanin gona da dabbobi da aka yi a garinmu Kankia bayan wata kaka, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau akwai masu ajiye da bidiyon a wayoyinsu.

Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a ɗakin da ake jibge fayil-fayil. Abin da na sani game da kiwo bai wuce cin nama ba. Matata Hadiza kuwa 'yar Kusada ce, cikin tumaki ta buɗe ido. Wata ranar kasuwa wani dillali ya kalallame ni da daɗin baki na sayo wani ɗan rago ramamme, mai majina, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Da na shigo da shi gida Hadiza ta daɗe tana kallonsa, ta kalle ni, sannan ta ce, "Baban Ummi, wanga sayo shi ka yi ko tsinto shi ka yi?" To, wannan sayen shi ne iyakar aikin da na yi wa ragon nan, daga farko har ƙarshe.

Ita ta ɗauke shi kamar jariri. Kafin in tashi daga barcin bayan asuba ta dama masa dusa da 'yar kanwa, ta zuba masa harawa, ta share turkensa. Ranar Juma'a har wanka take masa da sabulu, ta bi jikinsa tana cire kaska. Tana aiki tana masa hira, ta sa masa suna Auta. Kafin shekara ta zagayo, abin da na sayo yana tangaɗi ya zama wani jibgegen rago mai ƙaho a murɗe, wanda in ya taka sai ka ji a ƙasa.

Ni kuma a nan nawa aikin ya fara. Na ɗauki hotonsa a waya na kai ofis. Da aka yaba, sai na ji daɗi. Da aka tambaye ni me nake ba shi, sai bakina ya rigaye hankalina, na ce, "Ai kiwo sirri ne, sai wanda Allah Ya ba hannu." (Hannun da ko igiyarsa bai taɓa kwancewa ba.) Na ma raɗa masa wani suna na ofis, Janar, don na ga Auta bai dace da ragon babban mutum ba. Abokin aikina Malam Sule, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya naɗa ni Sarkin Kiwo, sunan kuma ya bi ni har masallaci.

Abin ya kai mutane daga wasu sassan ofis suna zuwa wurina neman shawara. Shi kansa Malam Sule ya taɓa zuwa mini da zancen akuyarsa mai gudawa. Na ɗaure fuska na girgiza kai na ce, "Bari in yi nazari zuwa gobe." Nazarin nan kuwa shi ne in koma gida, ina cin tuwo in jefa wa Hadiza tambayar kamar da wasa, washegari in je in zazzage amsar kamar a kaina aka haife ta. Akuya ta warke, girmana ya ƙaru.

Da aka sanar za a yi baje koli, har da gasar ragon da ya fi kowanne kiwatuwa, Malam Sule bai ko tambaye ni ba ya sa sunana, don yana cikin kwamiti, kuma shi zai riƙe lasifika. Na koma gida na faɗa wa Hadiza. Ta yi murna sosai, har ta leƙa turke ta ce, "Auta, ka ji za ka gari." Can sai ta juyo.

"Sunan wa aka rubuta?"

Na ce, "Haba Hadiza, ai duk ɗaya ne. Gida ɗaya, rago ɗaya."

Ta ce, "Haka ne. Allah shi ba da sa'a. Amma kar ka riƙa jan shi da ƙarfi, ba shi son ja."

Na kuma ƙara da cewa ba sai ta je ba, wurin zai cika da maza, ga rana. Gaskiyar magana ita ce ba na son kowa ya gan ta kusa da ragon nan ya fara haɗa lissafi a ransa.

Ranar taron da safe na sha shaddata fara ƙal, babbar riga har da hula mai tsayi, kai ka ce ni za a duba wa haƙora. Na kira mai a-kori-kura. Mu biyu muka yi ta fama, ni ina ja shi yana turawa, rago ya kafe ƙafafu ya ƙi hawa. Sai da Hadiza ta fito da ƙwaryar dusa ta hau bayan motar da kanta, ya bi ta salin-alin, ta ɗaure shi ta sauko. Mai hankali da tun a nan ya gane inda ranar ta dosa. Ni gyara hulata kawai na yi na shiga gaba.

Filin makarantar da aka yi taron ya cika maƙil. Mutanen Kafinsoli sun jera damman gero masu zangarniya kamar hannun ƙato, ga kabewa wadda mutum ɗaya ba zai ɗaga ba, ga wake, ga gyaɗa. Gefe guda rumfar mata ce, masu daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kusa da su matan Fulani da ƙoren nono a jere. Masu kalangu suna ta zagaye. Ni dai na samu aka taya ni ɗaure Janar a turke, na tsaya kusa da shi (ba kusa sosai ba), na harɗe hannu a baya ina amsa gaisuwa. Duk wanda ya tsaya ya yaba, sai in ce, "Aiki ne, aiki ne kawai da haƙuri."

Malam Sule kuwa ya samu abin da yake so. Kowane minti biyar sai ka ji lasifika ta ɗauka: "Jama'a, ku matso ku ga ikon Allah! Ga Janar, ragon Sarkin Kiwo na ofishinmu, mutumin da ba ya karyawa sai ragonshi ya karya!" Ni kuma ina ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Alƙalai uku ne: likitan dabbobi, da wani tsohon dillali, da wani dattijon Ardo daga Kaikai, siriri, mai malfa da sanda, wanda bai cika magana ba. Suka bi raguna ɗaya bayan ɗaya, su buɗe baki su duba haƙora, su danna gadon baya, su ɗaga ƙafa. Aka yi ta zubarwa har saura biyu: nawa, da na wani tsoho daga Fakuwa mai suna Malam Iro, wanda ya zo da 'yar shara duk ta koɗe. Likita ya ce nawa, dillali ya ce na Malam Iro. Aka juya ga Ardo.

Ardo ya dogara sandarsa ya ce, "Mu ba ƙiba kaɗai munka zo gani ba, kiwo munka zo gani. Akwai mai zuwa kasuwa jiya shi sayo rago, yau shi kawo shi ce nashi ne. A kwance su. Kowa shi koma can bakin fili shi kira abinshi."

Wallahi a take na fara waige-waigen hanyar gudu.

Aka buɗe fili, jama'a suka yi da'ira. Malam Iro ya fara. Bai ma buɗe baki sosai ba, ɗan tsaki kawai ya yi da harshe ya buga cinyarsa, ragonsa ya taho da gudu ya tsaya a gabansa yana shinshinar aljihunsa. Aka yi tafi.

"Saura Sarkin Kiwo!" in ji lasifika. "Yanzu za ku ga aiki!"

Na taka zuwa bakin fili. Na gyara murya na ce, "Janar!" Rago ya ci gaba da tuƙa. Na ƙara ɗaga murya, "Janar! Zo nan!" Ko kunne bai kaɗa ba. (Ina laifinsa? Sunan nan a ofis kawai aka san shi, shi kafin ranar nan bai taɓa jin sa ba.) Na gwada irin tsakin Malam Iro, sai ragon Malam Iro ne ya waiwayo. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na tattare babbar riga na tsuguna, ina kaɗa yatsu, ina "zo, zo, zo" kamar mai kiran kaji. Wani mai tausayi ya miƙo mini ɗan damin harawa ta baya, Ardo ya ɗaga sanda ya ce, "A'a, ban da cin hanci."

Da na ga ba sarki sai Allah, na sassauta murya yadda nake fatan ba wanda zai ji, na ce, "Auta. Auta, don Allah."

Sai ya ɗaga kai. Ya miƙe kunnuwa, ya shaƙi iska, ya fara tahowa. Zuciyata ta yi sanyi, na buɗe hannuwa biyu ina murmushi, har na fara tunanin abin da zan ce in an ba ni makirufo. Ya taho, ya taho, ya zo daidai inda nake, ya wuce ni. Gashinsa har ya shafi rigata. Ya bar ni a tsugune da hannuwa a buɗe ina rungumar iska.

Kai tsaye ya nufi rumfar mata. Mata suka watse suna ihu, kowa na janye tirenta, sai mace ɗaya mai koren hijabi da ta juya baya ta rufe fuska tana ƙoƙarin ɓuya bayan wata mai daddawa. Rago ya je ya cusa kansa cikin hijabinta yana goga mata ƙaho a hankali, yana wani ɗan kuka irin wanda ban taɓa jin ya yi ba. Ko ba a faɗa mini ba na san hijabin nan, ni na saye shi. Ashe Hadiza ta kasa zama, ta biyo maƙwabta ta laɓe tun safe don ta ga yadda Autanta zai yi.

Tana ture shi tana cewa, "Kai, tahi! Tahi can wurin mai gidanka! Ni ban san ka ba!" Shi kuwa sai ƙara manne mata yake.

Filin nan ya kece da dariya. Masu kalangu suka ɗauki kiɗa. Malam Sule, wanda dariya ta kusa kayar da shi, ya samu ya ce a lasifika, "Jama'a, Janar ya sauya sheƙa!"

Ardo bai yi dariya ba. Ya taka a hankali har rumfar, ya ce, "Ɗiyata, kin san ragon ga?"

Hadiza ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Baba, na mai gidana ne. Shi ya saye shi, shi ke kula da shi. Ni dai ɗan ruwa nake miƙa mishi in ba shi nan."

Ardo ya kalli ragon, ya waiwayo ya kalle ni, ya ce, "Ashe ko kullum ba shi nan."

Dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko, amma ni ba ita ta kashe ni ba. Abin da ya kashe ni shi ne matar da na hana a rubuta sunanta, na ce ta zauna a gida, ita ce durƙushe a gaban dattijo tana ƙarya don kar in ji kunya. Ban taɓa jin na ƙasƙanta a idon kaina kamar lokacin nan ba.

Na miƙe, gwiwoyin farar shaddata duk ƙasa, na je na karɓi makirufo daga hannun Malam Sule. Na ce, "Jama'a, ragon nan ban taɓa ba shi ko ruwa ba. Kiwon matata ne. A goge sunana a sa nata."

Malam Sule ya matso, ya manta bakinsa na kusa da makirufo, ya ce, "To maganin akuyata hwa?"

Na ce, "Shi ma nata ne."

Ardo ya ce ragon da ya ratsa taro irin wannan ya nemo mai shi, ba sauran gardama. Malam Iro da kansa ya ce ya yarda. Aka kira sunan Hadiza a lasifika sau uku, mata suka rangaɗa guɗa, aka ba ta injin markaɗe sabo fil. Da za mu koma, ita ta shiga gaban a-kori-kura, ni na hau baya na riƙe injin, rago ya juya mini ƙeya har gida.

Na shiga gida ina jiran faɗa, ko gori, ko aƙalla dariya. Ta ɗaure ragonta, ta ba shi ruwa, ta kawo mini nawa a kofi. Ta tsaya tana kallon gwiwoyin rigata, sannan ta ce, "Baban Ummi, da ka faɗa mani za a yi kira, ai da na koya maka tun jiya."

Na ajiye kofin a ƙasa.

Abin da na koya dai shi ne, in har za ka yi taƙama da gumin wani, to ka tabbata shaidunka mutane ne. Mutum yana da kara, zai dubi girman rigarka ya rufa maka asiri. Rago kuwa babu ruwansa da shadda, wanda ya ba shi dusa kawai ya sani.