Yadda Ake Tada Baƙo Daga Kanape da Kiɗan Japan

Ni da maiɗakina Hajiya Fatsima mun ƙulla ciniki a kicin: in na tada Alhaji Isufu daga kanape, doguwar kujerar falonmu, ba tare da bakina ya ce ya tafi ba, za ta maido mini sukari cikin shayi. Aminina ne, daga unguwar Goutte d'Or ta Paris ya zo mana suna nan garin Vénissieux. Kwana uku ya ce. Yau sati shida. In kai ma kana da irinsa, bi matakan nan, ni na tsaya maka.

1. Samo makami

Ukulele ake ce mata, 'yar jita mai tsirkiya huɗu. Ta jikata Nour na ara.

2. Koyi sauti biyar

Nour ta nuna mini na Japan. Biyar ne rak, amma in ka jera su sai ka ji kamar an aiko da saƙon rasuwa. Ba ruwansu da boko. Ni aji uku na yi a lakwal, kwana biyu na iya.

3. Cika gaisuwa

Bayan la'asar, daidai ya miƙe ƙafa, ka tambaye shi gajiya, iyali, sanyi, har ciwon gwiwa. Mai korar baƙo ba ya rage gaisuwa.

4. Kaɗa

Ɗaure fuska, kalli taga, sauko daga siririn sauti zuwa kakkaura, a hankali. Ka bar jadawalin jirgin Paris kan tebur kamar mantuwa.

5. In ya fara hawaye, dakata

Ni murna ta ɗebe ni, na ƙara wuta. Alhaji ya share ido ya ce, "Malam Adam, wannan ai molon garinmu ne. Rabona da shi tun ina Tawa." Ashe kiɗanmu ma biyar ne. Na rantse na Japan ne, ya ce to a Tawa suka koya.

6. Ɓoye wayarsa

Ban ɓoye ba, ya kira abokansa. Ran Asabar tsofaffi uku suka sauko daga Paris, kowa da bargonsa.

Alhaji ya ci kanape da makaɗi kyauta. Nour ta samu ɗalibai huɗu. Hajiya ta tafi wajen 'yarmu a Sevran, har da gwangwanin sukarin. Ni kuwa a kicin nake kwana.

Wanda ya gwada gidansa ya cika, babu hannuna. Kada ma ya zo mini ƙorafi, ba wurin zama.