Geron da Na Zuba wa Baƙuwarmu

Shekarar fari, zamanin soja, ni ke tsaron ƙofar ƙungiyar masu nazarin adabi a Yamai. Na fi kowa hayaniyar a daina taron maza zalla, har aka gayyato wata gwanar waƙar niƙa daga Gudel.

Ranar na sha babbar riga. Wata tsohuwa ta iso da ƙwarya, na ɗauka 'yar gudun yunwa ce. Na zuba mata gero, na ce, "Inna, yi gaba, babbar baƙuwa muke jira."

Ashe ita ce. Da shugabanmu ya je ba ta haƙuri, ta ce, "Geron ma duk tsakuwa."

Ta dawo, ta saka ni a waƙa. Har yau matata ita take rerawa idan tana tankaɗe.