Rasuwar Lella Hamra, Mai Ɗura Harsashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ninka baƙin cikin, Si Shadli bin Mabruk na Ain Daraham yana sanar da mafarauta da maƙwabta rasuwar na'urarsa ta ɗura harsashi, wadda aka fi sani da Lella Hamra, wato Jar Uwargida, saboda jan fentinta. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da la'asar, bayan shekara arba'in da ɗaya a kan teburin da mahaifinsa ya kafe ta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana. Kalmarta biyu: "ƙiii" in an danna hannunta, "ƙwas" in ta zaunar da maɓallin wuta a gindin harsashi. Noti ɗaya ke riƙe da zurfin zaman maɓallin nan. Marigayi Si Mabruk ya daidaita shi tun Shadli bai tsiro gemu ba, ya ɗiga masa jan kaki, ya ce duk wanda ya taɓa bai yafe ba. Da harsasanta uba da ɗa suka riƙe Mashigar Marmaro, inda aladun daji ke ɓullowa in an koro su, wurin da ba a ba kowa sai wanda bindigarsa ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Ciwon ajali ya shigo gidan ranar Juma'a sanye da tabarau. Sunansa Lutfi, mijin ƙanwar mai gida, mutumin da ko kurciya bai taɓa harbowa ba, amma ya kalli bidiyo uku a waya ya wayi gari injiniya. Ya ci kuskus ya yi nak, ya faki ido, ya ɓamɓare kakin da farce, ya murɗa notin, ya manna kakin kamar ba a yi komai ba. Tir da wannan hannu!

Washegari, Shadli na ɗura harsasan farautar Lahadi, muryar baiwar Allah ta sauya, "ƙwas" ya koma "ƙus". Shadli ya ɗauka tsufa ne. Wannan kam har ya mutu ba zai yafe wa kansa ba.

Ranar Lahadi wani ƙaton alade ya ɓullo mashiga. Shadli ya ja kunama, ƙas. Ya sake ja, ƙas. Maɓallin ya nutse can ciki, allurar bindiga ba ta kai gare shi ba. Sai ga dattijo mai shekara hamsin da shida a kan bishiya da takalmi ƙafa ɗaya, alade kuwa ya gangara gonar dankalin mutane ya yi yadda ya so.

Shugaban mafarauta, Ammi Tahar, ya tsaya a gindin bishiyar ya ɗaga kai. "Sauko, ɗan Mabruk. Ubanka bai taɓa ganin mashigar nan daga sama ba. Mako mai zuwa ka bi masu kora."

A gida Lutfi ya ce, ko kunya babu, "Haba Si Shadli, ɗan zurfi na ƙara mata, haka ake yi yanzu. Kawo in mayar." Kafin a riƙe shi ya murɗa notin baya, ya ɗora nauyin tumbinsa a kan hannunta. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras".

Ta rasu ta bar marayun kwanson harsashi cike da buhu, da cokalin awon albarushi, da bindiga mai baki biyu da aka ci wa mutunci ba da laifinta ba. Ta kuma bar Lutfi da ransa da lafiyarsa, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan garken awaki. Zaman makoki kwana uku, gahawa ba sukari. Albarkacin matarsa, Lutfi yana iya zuwa gaisuwa, amma daga waje, hannuwa cikin aljihu.

Hannun marigayiya ne kaɗai ba za a binne ba. Masu kora kowa da sandarsa yake zuwa. Da hannun nan Si Shadli zai bugi garwa ranar Lahadi mai zuwa, yana koro wa wani alade zuwa mashigar ubansa.