Gadon Kaka Bai Sha Wuta Ba

Ranar Asabar, tara ga Maris, da hantsi, na fara ganin kuɗin cizo a gidanmu: guda ɗaya, a kan mayafin mahaifiyata. Na rubuta ranar, na kira ɗana kafinta. Ashe wata biyu tana ɓoye cizon, don ta ji an ce ƙona gado ake yi. Gadon kuwa na marigayi mahaifina ne.

"Sannu da hutawa, amarya," ya ce wa kakarsa da ya iso. "An ce kin yi baƙi."

"Sauro ne, ragon miji. Koma inda ka fito."

"Sauro mai cizo a jere kamar ɗinkin tela?"

"Ko su ne, a gemunka suka shigo. Tun da ka tara shi bai ga sabulu ba."

"Ba datti suke bi ba, jini suke bi. Ni tausayinsu ma nake ji. Jinin shekara tamanin, ai ya yi tsami."

"Amma kullum suna dawowa. Kai ko sauro bai taɓa zaɓarka ba, balle budurwa."

Ya ɗaga katifa. Ga baƙaƙen ɗigo a bakin ɗinki, ga fararen ƙwai a tsagar katako. Ta dafa gadon.

"A nan na haifi ubanka. In ka kawo ashana, ka haɗa da ni."

"Ke da ba ki da kitsen da wuta za ta kama? Kwance shi zan yi. Tafasasshen ruwa a kowace tsaga, sannan in liƙe su. Zannuwa a ruwan zafi, katifa a baƙar leda ta sha rana. Bayan kwana goma in dawo, saboda ƙwan da ya tsira."

"Ba ƙonawa?"

"Ba ƙonawa."

"To kafin nan, in ɗauki matashina in koma falo."

"Ki buɗe musu reshe? Matashin ma wanka zai yi."

Ta yi dariya har da tari. Ta buɗe akwati, ta miƙa masa wata tsohuwar hula.

"Ta kakanka ce. Rufe wannan kan, ko Allah ya sa wata ta dube ka."

"Na gode, amarya. Sai na dafa ta tukuna."

Ya dawo ranar sha tara, kamar yadda ya ce. Na duba gadon sau shida, na ƙarshe a watan Yuni, ban ga komai ba. A kansa take kwana har yau. Hular ta ɗan motse, amma yana sa ta.