Laccar Japan da Buhun Taki Biyu

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanen matata ba, a ƙauyensu da ke gefen Minjibir. Ni malamin sakandare ne, kuma ina da wata cuta: in na ji labari a rediyo, sai na nemi wanda zan juye wa (matata ta ce ko akuya ce ta tsaya kusa da ni sai na yi mata sharhi).

A makon nan labarin Japan nake ta bi. Wai manyan 'yan siyasarsu sukan shirya liyafar tara wa jam'iyya kuɗi, a sayar da tikiti, sai rarar ta bi ta bayan fage ta faɗa aljihunsu. Da asiri ya tonu, wasu suka fito gaban 'yan jarida suka sunkuyar da kai suna ba da haƙuri, wasu suka ajiye muƙami.

Bayan an shafa fatiha muka zauna a gindin darbejiya ana jiran abinci. Surukina Alhaji yana tsakiyar tabarma. Shi ne kullum yake nuna ni yana cewa duk cikin surukansa ni kaɗai ne ban taɓa cin kwabon siyasa ba, kuma wallahi yabon nan ya fi mini albashi daɗi. Sai na gyara hula na buɗe lacca. Na kwashe labarin Japan kaf na faɗa, sannan na juyo kanmu. Na ce mu nan kunya ce ta ƙare, mutum ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu. Har da ɗaga yatsa.

Abin da ban faɗa ba shi ne, kwana uku kafin nan wakilin wani ɗan takara ya same ni, ya ce in ba da sunana a saka a ƙungiyar malamai magoya baya (ƙungiyar ba ofis, ba taro, sai takarda). Ladan kuwa buhun taki biyu ne. Masarata ta fara yin rawaya, taki ya yi tsada, sai na amsa. Sharaɗina ɗaya, a kai gida shiru kada kowa ya gani. Na manta cewa ranar da za a kawo, duk gidanmu muna wajen biki.

Yatsana na sama sai ga mai 'yar kurkura, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, ya tsaya dab da tabarma. Ya kashe inji ya ɗaga murya.

"Ina Malam? Ga takinka na Honorabul. An ce in kawo a ɓoye, to na tarar da gida a kulle, maƙwabta suka ce kana nan."

Kowane buhu da hoton ɗan takarar yana murmushi. Duk idanu suka dawo kaina. Na kasa duban inda Alhaji yake. Na tabbata mutuncina a wajensa ya ƙare ke nan.

Can Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, a Japan ɗin me ka ce suke yi in an kama su?"

Na miƙe na sunkuya, har hulata ta faɗo ta gangara gaban liman. Dariya ta ɓarke, wani tsoho har da tari. Da aka lafa, Alhaji ya dubi mai kurkura ya ce ya shigar da su zaure. "Ka ajiye kusa da nawa, ka ja tamfol ɗin ka rufe su tare."

Ashe nasa uku ne. Liman ma dai ya shiga gyaran rawani yana kallon sama. Ban taɓa sauke ajiyar zuciya irin ta ranar ba, ko da yake na san ba abin alfahari ba ne a gare mu duka.

Masara ta yi kyau, Alhaji ya daina yabona, amma yanzu ya fi sakin jiki da ni. Ni kuwa na ɗauki darasi: in zan yi wa ɓarayin wata ƙasa wa'azi, sai na fara tabbatar da akwai wanda na bari a gida.